Akwatin wufar mota: abin da ya kamata ku sani kafin kafinta ya ɗora zarto

Duk wanda ya saba shiga motocin da ke kai-komo tsakanin Tawa da ƙauyukan Bambeye ya san kiɗan da ke tashi a cikinsu ba iri ɗaya ba ne. Wata motar za ka ji ganga tana sauka a ƙirjinka tsaf, muryar mawaƙi kuma tana fita ba abin da ya danne ta. Wata kuwa sai ƙugi da karkarwar ƙarfe, lambar mota na ɓari, murfin but na ƙara, ba ka iya rabe kalangu da jita. Sau da yawa lasifikar da ke cikin motocin biyu iri ɗaya ce, kwali ɗaya, kuɗi ɗaya, wataƙila ma duk tsarabar ƴan bida ce daga Abijan ko Legas. Bambancin yana ga akwatin da aka dasa ta a ciki.

Mutane da yawa suna ɗaukar akwatin nan mazubi ne kawai, wurin ɗora lasifika don kada ta yi ta gangare a cikin but. Shi ya sa ake zuwa wurin kafinta a ce ya haɗa ɗan akwati, shi kuma ya duba guntayen katakon da suka rage masa ya buga abin da ya samu. Alhali iskar da ke kulle a cikin akwatin tana cikin kayan aikin lasifikar, kamar mayen ƙarfenta da naɗin wayarta. Yawan iskar nan da yadda aka tsare ta su ne ke yanke irin amon da zai fito. Wanda ya gane haka zai haɗa akwati mai kyau da rabin fallen katako da gam da ƙusoshi. Wanda bai gane ba, ko lasifikar jaka ɗari ya saya, kuɗinsa sun tafi a banza.

Me ya sa sai da akwati

Lasifikar da muke amfani da ita yau ta samo asali daga aikin injiniyoyi biyu na kamfanin General Electric a Amurka, Chester Rice da Edward Kellogg, da suka bayyana ta a 1925. Har yanzu tsarinta bai canja sosai ba: mayen ƙarfe a baya, naɗin siririyar waya a cikin ramin mayen ƙarfen, sai takarda mai siffar mazurari manne da naɗin. In wutar kiɗa ta ratsa wayar, takardar ta yi gaba ta yi baya, ta tura iska, iskar ta iso kunne. Yawan kai-komon da takardar take yi a daƙiƙa ɗaya shi ake rubutawa da alamar Hz. Kunnen yaro mai lafiya yana ji daga wajen 20 Hz har zuwa 20,000 Hz. Wufar mota, wato lasifikar amo mai kauri, aikinta yana can ƙasa, daga wajen 30 zuwa 80 ko 100 Hz, inda babbar ganga da jitar bas suke.

Ga inda gizo ke saƙa. Lokacin da takardar ta turo iska ta gaba, a daidai lokacin tana janye iska ta baya. Amo mai kauri kuma dogon zango gare shi: sauti yana cin mita 343 a daƙiƙa, don haka zango ɗaya na amon 40 Hz ya haura mita 8. Lasifika mai faɗin santimita 30 ba komai ba ce a gaban wannan tsawo, sai iskar gaba ta zagaya ta gefe ta cike gurbin baya, su kashe juna. Ka jona wufa tsirara a kan tebur ka gani da idonka: takarda tana ta tsalle har kana tsoron kada ta yage, amma kunne bai samu abin kirki ba. Fatar ganga ma in ka riƙe ta a hannu ka buga ba ta da amo, sai an ɗaure ta a bakin icen da aka fafe. Aikin akwati na farko ke nan, ya raba gaba da baya.

Kafin a je ga zarto, akwai tambayar da ya kamata mai mota ya yi wa kansa: me nake saurare? In yawanci wa'azi ne, ko karatun Alƙur'ani, ko labaran rediyo, wufa ba za ta ƙara maka komai ba, don abin da ke sa a gane kalmomin mai magana yana sama da inda wufa take aiki nesa ba kusa ba. Gara ka zuba kuɗin a lasifikun ƙofa masu kyau. Wufa ta mai son kiɗa ce: waƙoƙin Hausa na zamani da ake haɗa gangarsu a kwamfuta, kiɗan Najeriya da na Kodebuwa, ko jitar Abzinawa irin ta Bombino na Agadas da ta Mdou Moctar, ɗan jihar Tawa, wanda ya haɗa jitarsa ta farko da hannunsa da wayoyin birkin keke.

Rufaffe ko mai bututu

Akwatin da mai haɗawa a gida zai iya yi iri biyu ne. Na farko rufaffe ne ruf, ba ƙofar da iska za ta bi. Wanda ya fito da amfaninsa fili shi ne Edgar Villchur a Amurka, a 1954, wanda ya nuna cewa iskar da aka kulle a ƙaramin akwati tana iya riƙe takardar lasifika: in takardar ta shiga ciki, iskar ta matsu ta turo ta, in ta fito, iskar ta janyo ta. To a nan girman akwati ya shigo. In ya yi ƙanƙanta, iskar ta yi tauri, takarda ba ta samun sakewa, amon can ƙasa ya ɓace, sai wani ƙugi guda ɗaya da ke fitowa a kowace waƙa. In ya yi girma fiye da kima, iskar ta yi sako-sako, takarda ta riƙa wuce iyakarta da zarar an ƙara murya.

Na biyu shi ne mai bututu, wanda Albert Thuras na ɗakin binciken Bell ya samu rajistarsa a 1932. In ka hura iska a bakin kwalba za ka ji ta ba da amo guda, wanda girman cikinta da tsawon wuyanta suka yanke. Bajamushen masani Hermann von Helmholtz ne ya yi bayanin wannan tun ƙarni na 19. Akwati mai bututu haka yake aiki. Iskar da ke cikin bututun tana kaɗawa a wani amo da aka zaɓa, ta taimaki takarda, sai a samu ƙarin ƙarfi da wuta ɗaya. Shi ya sa samari suka fi son shi, ana jin motar tun daga nesa. Amma yana da sharaɗi mai tsauri: dole girman akwati da faɗin bututu da tsawonsa su dace da lasifikar. Kuma duk amon da ya faɗo ƙasa da wanda aka saita bututun a kai, akwatin ba ya riƙe takarda ko kaɗan, tana tsalle kamar tana waje, kuma a nan ne take yagewa.

Lissafin wannan dacewa wani injiniyan Ostireliya, Neville Thiele, ya shimfiɗa shi a 1961, Richard Small kuma ya faɗaɗa shi a farkon shekarun 1970 a jami'ar Sidni. Shi ya sa lasifika ta kirki take zuwa da takarda mai lambobi, kuma uku ne suka fi muhimmanci: Fs, Qts da Vas. Ba sai ka san asalinsu ba. Abin da aka saba bi shi ne, in Qts bai kai 0.4 ba lasifikar ta fi dacewa da mai bututu, in yana tsakanin 0.4 da 0.7 rufaffe ya fi mata. Mai kwamfuta yana iya zuba lambobin a manhajar kyauta mai suna WinISD ta nuna masa girman akwatin. Galibi ma kamfanin da kansa yana rubuta litar da yake so a jikin kwali, kuma in ya rubuta, maganarsa ce gaba da ta kowa.

Sai dai mun san halin kasuwarmu. Lasifika da yawa da ke zuwa hannun mutane a Tawa ba su da takardar lambobin nan, wasu an ciro su daga tsohuwar mota, wasu an sake musu naɗi. Ga irin waɗannan, shawarata ɗaya ce: a yi rufaffe. Yana yafe kuskure, in ka kauce da lita uku ko huɗu kunne ba zai gane ba, alhali mai bututu in ka kauce kaɗan ka ɓata shi. Yana da ƙarami, ya bar wa buhun hatsi da jakar fasinja wuri a but. Ba shi da ƙofar da ƙurar hunturu da yashin hanya za su bi su taru a bayan lasifika, balle ɓera ko ƙadangare. Kuma mota da kanta tana taimakonsa: da yake cikinta ɗan ƙaramin ɗaki ne, in an rufe gilasai amon da ke ƙasa da wajen 70 Hz yana ƙaruwa da kansa, kusan daidai inda rufaffen akwati ya fara rauni.

Awo, inda yawancin akwatuna ke lalacewa

Ana auna akwati da lita, kuma awon ciki ake nufi. Lasifika mai inci 12, wato santimita 30, wadda ta fi yawa a hannun mutane, galibi tana son lita 28 zuwa 40 a rufaffen akwati. Mai inci 10 tana son wajen lita 15 zuwa 25. Lissafin ba wuya: tsawo sau faɗi sau zurfi da santimita, a raba da 1,000.

Mu ɗauki mai inci 12. In cikin akwatin ya zama 40 da 35 da 25, an samu 35,000, wato lita 35. Lasifikar da kanta, mayen ƙarfe da ƙashinta, za ta cinye kamar lita 3, sai a saura da wajen 32. Madalla. Yanzu ka ba kafinta waɗannan lambobi ba tare da bayani ba, shi kuma ya ɗauke su awon waje, kamar yadda ya saba a akwatin tufafi. Katakon kaurinsa milimita 18 ne, don haka kowane awo ya rasa santimita 3.6. Ciki ya koma 36.4 da 31.4 da 21.4, wato lita 24 da rabi, kafin ma a cire na lasifika. Lita goma sun salwanta, kusan kashi ɗaya cikin uku, a ido kuwa akwatin yana nan lafiya lau. Saboda haka ka tsaya a kansa ka faɗa masa baki da baki: «Maigida, awon ciki nake so, kaurin katako a waje yake.» Mafi sauƙi ma ka kai masa awon kowane falle a rubuce. Gaba da baya, biyu, 43.6 da 38.6. Sama da ƙasa, biyu, 43.6 da 25. Gefe da gefe, biyu, 35 da 25. Gaba da baya su ne ke rufe sauran huɗun. Babban falle na kasuwa santimita 122 ne da 244, rabinsa ya isa har da saura.

Siffar ba dole ta zama haka ba. Ka auna but ɗinka tukuna, har da bakin da akwatin zai shiga ta ciki, don akwai wanda ya gama haɗawa sannan ya tarar ba ya shiga. Kana iya rage tsawo ka ƙara zurfi, ko ka karkata bayan ya bi jinginar kujera, muddin litar ba ta canja ba, kuma an bar aƙalla yatsu biyu tsakanin gindin mayen ƙarfe da bangon baya, don ramin da ke gindin nan ta nan naɗin waya yake shan iska.

Ramin lasifika na mai inci 12 yakan kai santimita 28, amma kada ka dogara da wannan. Ka kifa lasifikarka ka auna. In ramin ya yi faɗi ƙusa ba ta samun abin kamawa, kuma ba a mayar da katakon da aka yanke.

Wanda ya nace sai mai bututu, ga misalin da zai nuna masa nauyin abin. Akwati mai lita 50 da bututun roba na ruwa mai faɗin santimita 10 yana bukatar tsawon bututu wajen santimita 30 don ya kaɗa a 35 Hz. In ka ce ya yi tsawo ka yanke shi ya koma 15, amon ya tashi zuwa wajen 46 Hz, duk abin da ke ƙasa da haka ya tafi, lasifika kuma ta shiga haɗari. In ka sa siririn bututu don ya gajarta, iska ta riƙa fita da fito. Gurbin da bututun ya ci a ciki kuma ba ya cikin lita 50 ɗin.

Katako da haɗi

Bangon akwati bai kamata ya motsa ba. Duk ƙarfin da ya tafi wajen girgiza katako an sace shi ne daga kiɗa. Abu biyu ne suka dace. Akwai MDF, garin katako mai laushi da aka matse da gam, mai nauyi, marar ƙara, mai daɗin yanka. A nemi na milimita 18. Aibinsa ruwa: in robar murfin but ta mutu, ruwan damina ko na wankin mota ya taɓa shi, ya kumbura ke nan ba ya komawa. Sai filawud, wanda ake jera siraran falle-falle a manne, mai kaurin 15 zuwa 18. Ya fi sauƙin nauyi, ya fi riƙe ƙusa, kuma a gargadar hanyoyin ƙauye ni shi na fi amincewa da shi, in dai an duba bakinsa an ga ba ramuka a tsakanin fallayen. Abin da za a guje wa shi ne siririn filawud na silin, da katakon nan mai manyan ɓarɓashi da ke marmashewa, da ɗanyen falankin ice. Shi falanki in bushewar hunturu ta kama shi sai ya tsuke ya tsage, akwatin da aka rufe ruf a watan Satumba ya zama mai ƙofofi a Janairu.

Ƙurar MDF ba ta da kyau ga huhu, gam ɗin da aka haɗa shi da shi ma yana da sinadari mai cutarwa. A yanka shi a fili, a rufe hanci da baki, yaran shago su ma haka.

Gam shi ne ke riƙe akwati, ƙusa mai zare tana matse shi ne kafin gam ya bushe. A shafa farin gam na katako a duk tsawon haɗin, ba ɗigo-ɗigo ba, har in an matse a ga ya tsattsafo. A fara huda ƙaramin rami kafin a murɗa ƙusa, musamman a bakin MDF, in ba haka ba ya tsage. A jera ƙusoshin kowane santimita 10 zuwa 12. Ƙusar guduma ita kaɗai ba ta yi, girgiza tana zare ta a hankali. In bango ya yi faɗi, a gitta sanda ɗaya a ciki daga gefe zuwa gefe, a manne ta. Wanda yake da sauran katako ya ninka fuskar gaba, don ita ke ɗauke da nauyin lasifika a kowane rami na hanya.

Bayan gam ya bushe a bi duk kusurwoyin ciki da silikon, a shafe da yatsa. A nan ana bukatar haƙuri: a bar akwatin a buɗe kwana ɗaya cur kafin a ɗora lasifika, don tururin silikon mai warin tsami yana cin gam da soson bakin wasu lasifiku. Ramin da waya ta bi ta fita shi ma a toshe shi. Sannan a sa audugar roba irin ta matashin kai a ciki, sako-sako, kada a danna, kada kuma ta toshe ramin gindin mayen ƙarfe. Tana kwantar da amon da ke yawo a ciki, tana kuma sa akwatin ya yi kamar ya ɗan fi girmansa. A zagaye bakin ramin da siririn soso ko roba kafin a zaunar da lasifika, a ɗaure ƙusoshinta ɗaya nan ɗaya can daura da ita, da hannu, ɗayan hannun yana kare takarda, don sukurudireba in ta zame takardar take hudawa.

Gwajin ɗigar iska ba ya bukatar na'ura. Ka buɗe yatsunka ka dafa takardar daidai wa daida a kewayen tsakiya, ka danna a hankali. In akwatin ya rufu za ka ji tana turo ka, in ka saki kuma ta dawo sannu. In ta shige ba gardama ta dawo nan take, akwai ƙofa. Ka kunna waƙa mai bas, ka bi haɗe-haɗen da turaren tsinke mai hayaƙi: inda hayaƙin ya fara rawa, nan ne. Kafet ko fenti daga baya ne, fenti ma ya fi amfani ga MDF don yana kare shi daga laima.

Wuta, inda abin ya wuce maganar kiɗa

Akwati marar kyau kiɗa kawai yake ɓatawa. Waya marar kyau tana ƙona mota.

Da farko kada lambar da ke jikin kwali ta ruɗe ka. In ka ga an rubuta wat 3000 da manyan haruffa, nemi ƙaramin rubutun da ke cewa RMS, shi ne ƙarfin da na'urar ke iya ɗauka ko bayarwa a ɗore. In babu, duba fiyus ɗin da ke jikin amfili, wato na'urar da ke ƙara wa kiɗa ƙarfi kafin ya isa lasifika. Mota in tana aiki wutarta wajen bolt 14 ce. Amfili mai fiyus na amfiya 20 ba zai ja fiye da 20 sau 14 ba, wato wat 280, kuma wani kaso na wannan zafi yake zama. Ko me aka rubuta a kwali, abin da zai ba lasifika bai kai haka ba. A nemi amfilin da RMS ɗinsa ya yi kusa da na lasifika, a kuma duba om: yawancin wufar mota om 4 ce, in ka haɗa biyu jan waya da ja, baƙa da baƙa, sun koma om 2, kuma ba kowane amfili ke jure haka ba.

Amfili mai ba da wat 300 na gaskiya yana iya jan amfiya 30 zuwa 40. Wannan ba aikin wayar fitilar ɗaki ba ne. Ana son waya mai kaurin milimita murabba'i 10, ta jan ƙarfe zalla. Akwai wadda ake sayarwa da araha, alminiyon ne aka shafa wa jan ƙarfe. Ka kankare silin da wuƙa, in ya yi fari a ciki ita ce, kuma tana ɗumama fiye da ta gaskiya. Wayar ta taso daga kan batir kai tsaye, a sa mata fiyus kusa da batir ɗin, kada tazarar ta wuce santimita 45. Wannan fiyus wayar yake karewa. In gargada ta sa ƙarfen mota ya ci robar waya a ƙarƙashin kujera, batir zai zubo ɗaruruwan amfiya nan take, waya ta yi ja, kafet ya kama. Fiyus ne kaɗai zai tsayar da haka, kuma fiyus ɗin da aka naɗe da silin waya bayan ya tsinke ba fiyus ba ne. Duk inda waya ta ratsa ƙarfe a sa mata zoben roba. Wayar ƙasa ta zama gajera, kaurinta ɗaya da ta wuta, a ɗaure ta a jikin mota inda aka kankare fenti har ƙarfe ya fito. A cire kan batir na baƙar waya kafin a fara aikin duka. Wanda bai saba ba ya kai wa mai gyaran wayar mota, ba abin kunya ba ne.

Akwai wani abu da ya shafe mu musamman. Saboda nisan gidajen mai, direbobi da yawa suna ajiye jarkar fetur a but. Amfili mai zafi da wayar da ke iya tartsatsi ba su zama wuri ɗaya da tururin fetur. In jarka za ta zauna a but, amfili ya koma ƙarƙashin kujerar gaba. A bazara kuma, lokacin da zafin Tawa ke haura digiri 40 a inuwa, cikin but ya fi haka sosai, don haka kada a rufe amfili da tabarma ko kaya, kada kuma a kafa shi a jikin akwatin, girgiza tana tsinka haɗin da ke cikinsa. Kiɗa da ƙarfi mota a kashe yana shanye batir, kuma batir ɗin mota in ya saba mutuwa ƙurmus ba ya daɗewa.

Shi ma akwatin a ɗaure shi da jikin mota da ƙarfen kwana ko ɗamara mai ƙarfi. Da lasifikarsa yana kai kilo 15 zuwa 20, kuma a mota marar shamaki tsakanin but da kujeru, birki ɗaya na gaggawa ya isa ya jefo shi kan mutanen baya.

Saiti da kunne

A jikin amfili akwai maɓallin da ke tace amo, mai alamar LPF. A sa shi wajen 80 Hz, don wufa ta bar muryar mawaƙi ga lasifikun ƙofa. In kana jin kalmomin waƙa suna fitowa daga but, an sa shi sama da yawa. Maɓallin ƙarin bas a bar shi a sifiri. Na daidaita ƙarfin shiga kuma, wanda mutane ke murɗewa har ƙarshe suna zaton na ƙara wat ne, ga yadda ake yi: a mayar da shi ƙasa duka, a kai muryar rediyo kashi uku cikin huɗu, sannan a riƙa ɗaga shi sannu har a ji amon ya fara dusashewa ko fashewa, sai a dawo baya kaɗan a bar shi nan. Wannan fashewar ita ke dafa naɗin waya, shi ya sa ƙaramin amfili da aka matsa wa yake ƙona babbar lasifika. A gwada akwatin yana kallon baya, a gwada yana kallon gaba. A yawancin motoci kallon baya ya fi ba da bas. In bas ɗin ya yi rauni a kujerar direba, a juya wayoyin lasifika biyu a sake saurare.

Maganar kunne ba zan tsallake ta ba, don direban haya yana yini a cikin wannan amo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum yana iya sauraren amo mai ƙarfin desibel 80 har awa 40 a mako ba tare da cutuwa ba. A desibel 90 lokacin ya koma awa 4, a desibel 100 minti 20 kacal a mako. Mota mai wufa da gilasai a rufe tana wuce 100 cikin sauƙi. In ka kashe mota kunnenka yana ƙara, ko maganar mutane ta yi maka nisa, ka riga ka wuce iyaka, kuma jin da amo ya kashe ba ya dawowa. Jarirai da yara a kujerar baya su ne suka fi kusa da akwatin. Direban da bai ji odar babur ko ihun mai amalanke ba saboda kiɗa ya sa rayuka cikin haɗari, haka kuma kusa da masallaci, asibiti, ko gidan makoki, hannu ya kai ga maɓalli tun kafin a yi magana.

Bayan mako biyu ana hawa gargada, a sake bin ƙusoshin lasifika da na ɗaurin akwati, za a tarar wasu sun saki. A duba kan fiyus da wayar ƙasa, in sun yi baƙi ko robarsu ta narke akwai haɗin da bai ɗauru ba. Lasifika mai bakin soso tana ruɓewa da wuri a zafinmu, mai bakin roba ta fi jurewa, kuma kowace iri ce kada a bar rana ta riƙa dukanta ta gilashin baya. In ana cikin kiɗa aka ji wari irin na ƙonannen fenti daga but, a kashe nan take a bar ta ta huce. Sannan a dafa takardar a danna sannu: in ta shiga ta fito shiru, naɗin ya tsira, a rage ƙarfin amfili. In ana jin tana gogar wani abu a ciki, naɗin ya ƙone ko ya kumbura, sai a kwance ta a kai wa masu gyaran lasifika su sake mata naɗi, a kuma gaya musu om nawa take tun asali don kada su naɗa wanda amfilin ba zai ɗauka ba.